Babi na Bakwai: Firimiyan da Ya Zaɓi Kaduna

A watan Disamba na 1959 aka yi zaɓen da zai tantance wanda zai karɓi Nijeriya daga hannun Turawa. Kujeru 312 aka yi takara a kansu. Jam'iyyar Mutanen Arewa, wato NPC, ta ci 134, tun kafin wasu 'yan takara masu zaman kansu su shigo mata su ƙara mata yawa. NCNC da ƙawarta NEPU suka tashi da 89, AG da nata ƙawayen suka samu 73. A tsarin majalisa irin na Ingila da ake bi a lokacin, shugaban jam'iyyar da ta fi kujeru shi ke kafa gwamnati, kuma shugaban NPC tun 1954 shi ne Alhaji Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato. Amma ko takarar majalisar tarayya bai tsaya ba. Ya bar wa mataimakinsa a jam'iyya, Abubakar Tafawa Ɓalewa, kujerar Firayim Minista da Tafawa Ɓalewan yake riƙe da ita tun 1957, shi kuwa ya yi zamansa a Kaduna yana Firimiyan Jihar Arewa. Takwarorinsa biyu ba haka suka yi ba. Awolowo ya bar wa Akintola Jihar Yamma, Azikiwe ya bar wa Okpara Jihar Gabas, dukansu suka nufi Legas. An daɗe ana ba da dalilai a kan wannan zama na Sardauna. Masoyansa na cewa tawali'u ne. Wasu na cewa bai manta ihun da aka yi wa wakilan Arewa a Legas a 1953 ba. Wasu kuma na cewa idonsa na kan gadon Sarkin Musulmi, don haka ba ya son yin nisa da gida. Kowanne daga cikin waɗannan yana da ƙamshin gaskiya, amma babu wanda ya isa ya bayyana shekara goma sha ɗaya da 'yan watanni da ya yi a kan kujerar Firimiya. Abin da ya riƙe shi a Kaduna aiki ne da ya fara bai gama ba: kafa gwamnati guda ɗaya a saman sarakunan Arewa, da janyo iko daga fadoji zuwa ofishin Firimiya. Duk wanda ya kalli siyasarsa da wannan ido zai fi gane nasarorinsa, zai kuma fi gane inda ya yi kuskure.

Wannan magana za ta yi wa wasu nauyi, domin Sardauna ɗan sarauta ne gaba da baya. An haife shi a Raɓa wajen 1910, mahaifinsa Ibrahim hakimin garin ne, kakansa Sarkin Musulmi Abubakar Atiku na Raɓa, ɗan Muhammadu Bello, ɗan Shehu Usmanu. Ya yi Kwalejin Katsina daga 1926 zuwa 1931, ya koyar a Midil ta Sakkwato, aka naɗa shi hakimin Raɓa a 1934. Sai dai tsarin sarautar da ya haife shi shi ne ya fara ɗanɗana masa ɗaci. Da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya rasu a 1938, yana cikin masu neman gadon, aka ba Abubakar na Uku, shi kuma aka ba shi sarautar Sardauna aka tura shi Gusau ya kula da gabashin ƙasar Sakkwato. A 1943 aka tuhume shi da cin kuɗin jangali, kotun Sarkin Musulmi ta same shi da laifi ta yanke masa ɗauri. Da bai ɗaukaka ƙara zuwa babbar kotu a Zariya aka wanke shi ba, da a nan labarinsa ya ƙare, a matsayin hakimin da aka tuɓe da abin kunya. Mutumin da aka yi wa haka yana da shekara talatin da 'yan kai ba ya buƙatar kowa ya karanta masa illar fadar da babu mai ce mata a'a. Ya gani a jikinsa cewa jini da nasaba ba sa kare mutum idan ya faɗa bakin fadawa, ya kuma ga cewa abin da ya cece shi wata hukuma ce da ke saman fadar.

Ya kamata a tuna yadda Turawa suka tsara Arewa. Kafin 1903 sarakunan daular Usmaniyya suna da cibiya: daga Sakkwato ko Gwandu ake tabbatar da naɗinsu, can suke kai gaisuwa, can ake kai ƙararsu. Da Bature Lugga ya ci ƙasar sai ya tsinke wannan igiya. Kowane sarki ya koma yana amsa wa Razdan ɗinsa, kowace En'e ta zama ƙaramar gwamnati mai baitulmalinta da alƙalanta da 'yan dokarta da gidan yarinta, kuma a doka sarki shi kaɗai ne hukumar. Kaduna, wadda ta zama hedikwata a 1917, gari ne na ma'aikatan Turawa da soja da 'yan jirgin ƙasa, ba ta da sarkin yanka ballantana tarihin da zai sa Kano ko Borno su rusuna mata. Wato a ranar da Bature zai tattara komatsansa, abin da zai bari shi ne tarin masarautu masu cin gashin kansu, kowace da girman kanta, babu abin da ya haɗa su sai Gwamnan da zai tafi. 'Yan bokon farko sun hango wannan. A watan Agusta na 1950 Tafawa Ɓalewa ya tashi a Majalisar Dokokin Arewa ya nemi a binciki tsarin En'e a gyara shi, maganar da ta girgiza sarakuna. Cikin 'yan shekaru aka soke ikon sarki shi kaɗai, aka ɗaure shi da majalisarsa. Sardauna, wanda ya je Ingila a 1948 ya karanci aikin ƙananan hukumomi, ya shiga majalisa a 1949, ya zama ministan ayyuka a 1952, sannan aka ba shi ma'aikatar ƙananan hukumomi, wato ma'aikatar da ke kula da En'e-En'e. A zamaninsa aka yi dokar En'e ta 1954, wadda ta tattara ƙa'idojin tafiyar da su wuri guda ta kuma ba gwamnatin jiha hurumin sa musu ido. A waɗannan shekarun ne sarakuna suka fara ganin abin da ba su saba gani da yawa ba: an sauke Lamiɗon Adamawa a 1953, Atta na Igbira Ibrahim ya yi murabus a 1954. Gaskiya ne hannun Gwamna Sharwood-Smith, wanda Hausawa ke kira Mai Wandon Ƙarfe, shi ne a kan waɗannan takardu, amma wanda zai gaji alƙalamin yana zaune a gefe yana kallo.

Rikicin 1953 shi ya mayar da kujerar Kaduna abin da ta zama. A ranar 31 ga Maris Anthony Enahoro ya kawo wa majalisar Legas ƙudurin neman mulkin kai a 1956, Sardauna ya nemi a sauya shekarar da sharaɗin sai lokacin da hali ya yi. Aka tashi baram-baram, aka yi wa 'yan Arewa ature a kan hanyarsu ta komawa gida, a watan Mayu kuma tarzoma ta ɓarke a Kano, inda ƙididdigar hukuma ta ce mutum 36 suka mutu. Majalisun Arewa suka amince da wasu buƙatu takwas waɗanda, da an bi su, da Nijeriya ta zama ƙasashe uku da ba su haɗa komai ba sai tsaro da harkokin waje da kwastan. Ba a kai can ba, amma tsarin mulkin da ya fito daga taron London da na Legas, wanda ya fara aiki ranar 1 ga Oktoba 1954, ya ba jihohi rabo mai tsoka. Kowace jiha ta samu Firimiyanta, da ma'aikatanta, da kotunanta, da hukumar cinikin amfanin gonarta. Ilimin firamare da na sakandare, aikin gona, lafiya, ƙasa, sarautu da ƙananan hukumomi duk suka faɗo hannun jiha, haka nan duk abin da kundin bai ambata ba. Jihar da Sardauna ya karɓa a wannan rana ta kai kusan kashi uku cikin huɗu na faɗin Nijeriya, kuma ƙidayar 1952 zuwa 1953 ta ba ta mutum kusan miliyan 17 cikin kimanin miliyan 30. Idan talaka a Gumel ko Lafiya ko Mubi ya ce gwamnati, abin da yake nufi shi ne mai karɓar haraji, mai yanke hukunci, mai sa kuɗin gyaɗa, mai gina makaranta, kuma babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da ke Legas. Ɗan siyasar da ya karanta wannan kundi da idon basira zai ga cewa Firimiya ya fi Firayim Minista kusa da rayuwar mutane, kuma ƙuri'un da ke kai mutum Legas a jiha ake haɗa su.

Gwamnati kuwa ba ta tsayuwa sai da ma'aikata, a nan ne Arewa ta fi rauni, a nan kuma Sardauna ya fi zage damtse. Jinkirin da ya nema a 1953 ba ƙaunar Bature ba ce, lissafin hannaye ne. Lauyan farko ɗan Arewa, Abdulganiyu Abdulrazaƙ na Ilori, sai a 1955 ya kammala, alhali Legas na da lauyoyi tun kafin ƙarni na 19 ya ƙare. Manyan kujerun ofisoshin Kaduna na hannun Turawa, na tsakiya da akawu-akawu kuma yawanci na hannun 'yan Kudu. Manufar da aka bi a fili take: idan akwai ɗan Arewa da ya cancanta shi za a ɗauka, idan babu a ɗauko baƙo daga waje a kan kwantiragi na ɗan lokaci, ɗan Kudu shi ne zaɓi na ƙarshe, domin Baturen kwantiragi zai tafi ya bar kujerar, ɗan ƙasa kuwa zai zauna a kanta har ya yi ritaya. Wannan manufa ta cutar da mutane na gaske, ma'aikata 'yan Kudu da ba su yi laifin komai ba aka sallame su ko aka tsayar da ƙarin girmansu, kuma ta shuka ƙiyayyar da aka girba daga baya. Bai kamata a ɓoye wannan ba. Amma ba za a iya musun abin da ta haifar ba. Makarantar Koyon Aikin Mulki ta Kongo a Zariya ta riƙa ɗaukar malaman makaranta da ma'aikatan En'e tana mayar da su Di'o-Di'o da alƙalai da ma'aji cikin gaggawa, aka tura ɗalibai Ingila da Sudan da sauran ƙasashe. Abin lura shi ne, yaron da aka ɗauko daga En'en Katsina ko ta Bida aka horar da shi aka tura shi aiki Makurɗi ya daina zama yaron sarki. Albashinsa da ƙarin girmansa da fanshonsa duk daga Kaduna suke zuwa. Da haka aka ƙirƙiri wani sabon rukuni na mutane, irin su Ali Aƙilu da Sunday Awoniyi, waɗanda biyayyarsu ga Jihar Arewa take, ba ga wata masarauta ba.

Gine-ginen da ake yawan lissafawa idan ana yabonsa duk sassan wannan aiki ne. Masaƙar Kaduna a 1957, Bankin Arewa, kamfanin raya jiha da ya zama NNDC, gidan rediyo da talabijin na Kaduna a 1962, Jami'ar Zariya da aka buɗe ranar 4 ga Oktoba 1962, jaridar New Nigerian da ta fara fita ranar 1 ga Janairu 1966: babu ɗaya a cikinsu da ke ƙarƙashin wani sarki, kuma kowanne ya sa ɗan Arewa ya riƙa ɗaga kai yana duban Kaduna. Kuɗin kuwa akasari daga gumin manomi suka fito, domin hukumar cinikin amfanin gona tana sayen gyaɗa da auduga ƙasa da farashin kasuwar duniya ta riƙe rarar. Dalar gyaɗar Kano ita ta gina Kaduna da Samaru, kuma manomin da ya noma ta ba a taɓa tambayar ra'ayinsa ba.

Inda aikin ya fi taɓa jijiyar sarauta shi ne shari'a. A 1958 gwamnatinsa ta gayyato kwamitin masana ƙarƙashin Babban Jojin Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat, tare da wani alƙali daga Pakistan da masanin shari'ar Musulunci Farfesa Anderson na London. Daga shawararsu aka rubuta kundin hukunta laifuffuka wanda ya fara aiki a 1960, aka kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a, wadda Malam Abubakar Gumi ya zama Alƙalin Alƙalanta a 1962. Malamai da yawa ba su so ba, suna ganin an rage wa Shari'a hurumi, sai da aka yi ta lallashi. Ko me mutum zai ce a kan wannan ta fuskar addini, ma'anarsa ta fuskar mulki ba ta da ruɗani: daga 1960, sarkin da ya zauna shari'ar laifi a fadarsa dole ya yi hukunci da littafin da majalisar Kaduna ta zartar. Sai kuma a 1962 aka naɗa 'yan siyasa kwamishinonin larduna, aka ɗora su a gurbin da Razdan yake, a saman sarakunan lardin. Ɗan talaka ko ɗan hakimin da jiya yake faɗuwa gaisuwa a gaban sarki, yau ya dawo da tuta a motarsa yana wakiltar Firimiya.

Wanda duk yake shakkar inda iko ya koma, ya dubi abin da ya faru a Kano. Sarki Muhammadu Sanusi ba abokin gāba ba ne. Tun yana Ciroma yana cikin ginshiƙan NPC, ya yi minista, ya taɓa riƙe kujerar Gwamnan jiha na wucin gadi, ga shi jagora a ɗarikar Tijjaniyya mai alaƙa ta ƙut da ƙut da Shehu Ibrahim Inyass na Kaulaha. En'en Kano ita ce mafi arziki a Arewa, kuma Sanusi bai ɗauki kansa a matsayin wanda wani minista zai ba umarni ba. Da baitulmalin En'e ya shiga matsala, gwamnatin jiha ta naɗa wani jami'inta Bature, David Muffett, ya yi bincike a 1962. A watan Maris na 1963 Sarki ya yi murabus aka kai shi Azare. Muhammadu Inuwa ya gaje shi, ya rasu bayan 'yan watanni, aka naɗa Ado Bayero. Har yau Kanawa ba su daina gardama a kan ko gyara aka yi ko ramuwa ba, kuma fushin da abin ya haifar ya kai ga kafa wata jam'iyya ta masu goyon bayan tsohon Sarki. Mai yiwuwa akwai duka biyun a ciki, domin mutanen biyu kowanne ba ya son a taka shi. Amma darasin da sauran sarakuna suka ɗauka guda ɗaya ne: idan an iya sauke Sarkin Kano babu Gwamna Bature a ƙasa, to babu rawanin da ya fi ƙarfin Kaduna.

Masu cewa sarautar Sarkin Musulmi ce kawai a ransa za su ce duk wannan bai rushe maganarsu ba. Lallai bai taɓa ɓoye alfaharinsa da zuriyarsa ba. Ya sa an tattara rubuce-rubucen masu jihadi, yana yawan ziyartar Wurno inda kabarin Muhammadu Bello yake, ya kuma zaɓi ranar 15 ga Maris 1959 ta zama ranar samun mulkin kan Arewa, ranar da Sakkwato ta faɗi hannun Turawa a 1903. Sai dai mai jiran gado ba ya rage wa gadon daraja kafin ya hau, kuma duk dokokin da aka ambata sun shafi Sarkin Musulmi kamar yadda suka shafi kowane sarki. Abin da ya fi dacewa da ayyukansa shi ne cewa matsayin Muhammadu Bello yake hange, wato cibiyar da sarakuna ke amsa wa, kuma ya gane cewa a zamanin ƙuri'a da kasafin kuɗi wannan matsayi ya bar Sakkwato. Sarkin Musulmi Abubakar, wanda ya girme shi da kimanin shekara bakwai, ya zauna a gadon har 1988. A Kaduna kuwa Sardauna ya samu ikon da ya wuce iyakar daular kakanninsa, domin ya haɗa da Borno da ƙasar Tibi da tsaunukan Filato, wuraren da tutar Shehu ba ta taɓa mulka ba, ga kuma yankin Arewacin Kamaru da ya zaɓi shigowa Nijeriya a ƙuri'ar raba gardama ta 1961, aka sa masa suna Lardin Sardauna.

Ƙorafin da ya fi wannan nauyi daga 'yan NEPU yake zuwa, kuma ba a amsa shi da wasa. Za su ce wane irin rage ikon sarakuna ne wannan, alhali a zamanin ne 'yan doka ke tarwatsa taronsu, alƙalan En'e ke ɗaure su a kan zagin hakimi ko yin lacca ba izini, ana ƙara musu haraji, ana yi wa mata irin su Gambo Sawaba ɗauri a kan ɗauri? Za su ce yawancin 'yan majalisar NPC ma'aikatan En'e ne da hakimai da 'ya'yan sarakuna, kuma kujeru 160 cikin 170 da jam'iyyar ta ci a zaɓen jiha na 1961 ba farin jini ne kaɗai ya kawo su ba. Za su ƙara da cewa matan Arewa ba su jefa ƙuri'a ba ko sau ɗaya a zamaninsa. Duk wannan gaskiya ne, kuma shi ne tabo mafi girma a tarihinsa. Amma ƙorafin yana nuna iyakar aikin ne, bai ƙaryata shi ba. Sardauna ya sa sarakuna sun koma amsa wa Kaduna, bai sa sun koma amsa wa talakawansu ba. Ya bar musu kotu da 'yan doka da gidan yari domin da su ake cin zaɓe, ya riƙe linzamin a hannunsa. Ko majalisar da jama'a suka zaɓa ba ta tsira ba idan ta saɓa wa jam'iyya: da ƙungiyar talakawan Ilori ta ci majalisar En'e ta haɗa kai da AG, gwamnatin jiha ta rushe majalisar a 1958. Malam Aminu Kano, jagoran NEPU, yana neman a sauko da iko ƙasa zuwa ga talaka, Sardauna yana ɗaga shi sama zuwa ga gwamnati. Dukansu biyu sun rage wa fada, amma na farko ne kaɗai ya damu da a tambayi wanda ake mulka.

Haka batun ƙananan ƙabilu yake. Taken jam'iyyarsa shi ne Arewa ɗaya al'umma ɗaya, kuma ba za a ce bai yi ƙoƙari ba: Kiristoci irin su Michael Audu Buba da Peter Achimugu sun yi minista a gwamnatinsa, 'ya'yan Kabba da Binuwai da Filato sun cika ofisoshin Kaduna, kuma da yawa daga cikinsu sun riƙe ƙaunarsa har suka mutu. Kwamitin Willink na 1957 zuwa 1958, da ya binciki koken ƙananan ƙabilu, bai ba da shawarar a yanka sabuwar jiha ba, abin da ya yi masa daɗi. Sai dai cibiyar da Bakano zai iya kallo a matsayin sabuwar gwamnati, Batibi yana iya kallonta a matsayin tsohon yaƙin da kakanninsa suka hana shigowa. Ƙasar Tibi, inda Joseph Tarka da UMBC suke da ƙarfi, ta yi bore a 1960 ta sake a 1964, har sai da aka tura soja. A daidai wannan lokaci Sardauna, wanda ya zama mataimakin shugaban Rabiɗar Duniyar Musulmi ya kuma assasa Jama'atu Nasril Islam, ya shiga rangadin musuluntar da jama'a daga 1963. Babu mai shakkar ikhlasinsa, kuma kira zuwa ga addini haƙƙin kowane Musulmi ne. Amma wanda ke kiran Firimiya ne, da motocin gwamnati da hakimai a bayansa, kuma hakan ya raunana hujjar da yake bayarwa cewa Kaduna ta kowa ce. A nan matsayi biyun da ya so ya haɗa, magajin Bello da shugaban jiha mai addinai da yawa, suka yi karo.

Saura tambaya ɗaya: shin lissafin 1959 ya yi daidai? A shekarun farko ya yi. Awolowo da ya bar jiharsa ya rasa ta; cikin shekara uku jam'iyyarsa ta dare, aka sa dokar ta-ɓaci a Yamma a 1962, aka ɗaure shi shekara goma a 1963 bisa laifin cin amanar ƙasa, aka kuma yanke Jihar Tsakiyar Yamma daga jiharsa. Azikiwe ya ƙare a kujerar girmamawa marar iko. Sardauna kaɗai ya riƙe jiharsa da jam'iyyarsa, yana kuma da gwamnatin tarayya ta hannun mataimakinsa. Amma wannan tsari ya jawo wa ƙasar nauyin da ba ta iya ɗauka ba. Firayim Ministan Nijeriya mataimaki ne a jam'iyyarsa, kuma duk da cewa Tafawa Ɓalewa mutum ne mai ra'ayin kansa, 'yan Kudu sun yi imani a Kaduna ake yanke magana. Wani lokaci ma ƙasar takan yi magana da murya biyu, kamar a 1960 da gwamnatin tarayya ta karɓi rancen Isra'ila gwamnatin Arewa ta ce ba da ita ba. Mutumin da ake gani shi ne mafi ƙarfi a ƙasa ba ya zama a majalisar ƙasa, ba ya neman ƙuri'ar kowa a Kudu, babu hanyar da ɗan Enugu ko Ibadan zai tuhume shi. Sannan ƙasa tana motsi a ƙarƙashin lissafin. An fara fitar da man fetur a 1958, manyan ayyukan da Arewa ke buƙata, irin su dam ɗin Kainji da layin dogo zuwa Maiduguri, daga aljihun tarayya suke fitowa, soja kuma tun farko na tarayya ne. Rikicin ƙidayar 1962 da 1963, da zaɓen 1964, da ƙawancen da aka ƙulla da Akintola wanda ya kai ga ƙone-ƙonen Yamma a 1965, duk sun faru ne domin Arewa ba za ta iya sakin Legas ba, ko da shugabanta ya ƙi zama a can. Rasuwar Muhammadu Ribaɗu, ministan tsaro, a watan Mayu na 1965 ta ɗauke mutumin da ya fi iya riƙe tsakanin biranen biyu.

A daren 15 ga Janairu 1966 sojoji ƙarƙashin Manjo Chukwuma Kaduna Nzeogwu suka far wa gidan Firimiya suka kashe shi tare da uwargidansa Hafsatu. A Legas aka kashe Tafawa Ɓalewa da manyan hafsoshin Arewa, Birgediya Zakariya Maimalari da Kanar Kur Muhammad da Laftana Kanar Yakubu Pam da Abogo Largema. Jihar da ya ƙi bari ba ta yi shekara biyu a bayansa ba: ranar 27 ga Mayu 1967 Yakubu Gowon ya raba ta shida, aka kafa wata hukuma ta riƙon ƙwarya don kula da kadarorin da jihohin suka gada tare. Amma ikon da ya tara bai koma fadoji ba. Ma'aikatan da Kongo ta horar su suka tafi Sakkwato da Kano da Maiduguri da Jos da Ilori suka kafa sababbin gwamnatoci, wasu suka zauna a Kaduna. Su ne kuma, tun a zamanin Gwamna Hassan Usman Katsina, shi kansa ɗan sarki, suka fara shirya takardun da suka karɓe kotuna da gidajen yari daga hannun En'e kafin shekarun 1960 su ƙare, 'yan doka suka biyo baya, abin da NEPU ta yi shekara goma sha biyar tana nema. Alƙalamin naɗa sarki da tuɓe shi kuwa ya faɗa hannun gwamnonin jihohi da na soja, da shi aka sauke Sarkin Musulmi Ibrahim Dasuƙi a 1996, da Sarkin Gwandu Mustafa Jokolo a 2005, da Sarkin Kano Muhammadu Sanusi na Biyu, jikan wanda aka kai Azare, a watan Maris na 2020.